Ma'auni da Abin Awo: Hujjar Hankali a Tarihin Jega da Aliero

1.0 Gabatarwa

Malaman da suka karantar da ilmin Manɗiƙi a zaurukan ƙasar Hausa sun gaji wata siffa da magabata suka yi wa wannan fanni, watau cewa shi ma'auni ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa wa ɗaya daga cikin littattafansa na wannan fanni suna Mi'iyarul Ilmi, ma'aunin ilmi ke nan. Siffar kuwa ta dace ƙwarai. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'auna a kasuwar hatsi ya san mudu yana faɗin yawan abin da aka zuba masa, amma ba ruwansa da ko gero ne tsantsa, ko kuwa an gauraya shi da tsakuwa. Wannan aikin ido ne da hannu, da kuma amanar mai zubawa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba wannan magana ta fuskar tarihin wani yanki na masarautar Gwandu, a Jihar Kabi ta yau, watau garuruwan da ke kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega, ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri. Za a ɗauki al'amura biyu. Na farko shi ne jayayyar da ta auku tsakanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Malam Abdussalami a 1817, wadda ita ce ta haifar da garin Jega. Na biyu shi ne sana'ar ɗori wadda Aliero ta yi suna a kanta. Abin da ake son nunawa shi ne, a duka biyun, gardama ba ta tsaya kan ma'auni ba. Ta tsaya ne kan abin da aka zuba a ciki, da kuma halin ɗan Adam mai zubawar.

2.0 Manɗiƙi a zaurukan ƙasar Hausa

Asalin Manɗiƙi a matsayin fanni mai ƙa'idoji yana komawa ga Arisɗo na ƙasar Yunan. Musulmi suka fassara shi da Larabci a zamanin Abbasiyawa, suka tace shi, suka shigar da shi cikin Tauhidi da Usulul Fiƙihu. Ba duka malamai ne suka yi na'am da shi ba. A ƙarshen ƙarni na 15 an yi musayar baitoci a kansa tsakanin mutum biyu waɗanda kowannensu ya yi tasiri a ƙasar Hausa. Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya yi littafi guda yana haramta shagaltuwa da shi. Shehu Magili kuwa, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare shi, yana mai cewa Manɗiƙi hanya ce ta tsara tunani, kuma gaskiya ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba. Ahmadu Baba na Tambutu ya adana wannan musaya cikin littafinsa Nailul Ibtihaji.

A aikace, ra'ayin Magili ne ya yi rinjaye. Ɗalibai suka riƙa haddace Sullamu na Abdurrahman Ahalari, wanda aka tsara a ƙarni na 16, suna kuma karanta littattafan Tauhidi na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, musamman Ummul Barahina. Daga waɗannan littattafai ɗalibi yakan fito da kayan aiki iri biyu.

Na ɗaya shi ne ƙiyasi. Ƙiyasi yana da muƙaddima biyu, ƙarama da babba, sa'an nan natija. Misalin da aka fi bayarwa a zaure shi ne: duniya mai sauyawa ce, duk mai sauyawa fararre ne, ashe duniya fararriya ce. Idan tsarin ya inganta, kuma muƙaddimomin biyu gaskiya ne, to, babu makawa natija gaskiya ce. Amma tsarin shi kaɗai ba ya tabbatar da gaskiyar muƙaddima. Daga waje ake kawo ta.

Na biyu shi ne rabe-raben hukunci zuwa uku. Akwai hukuncin shari'a, wanda ake samu daga nassi. Akwai hukuncin hankali, wanda ba ya bukatar nassi ko jarrabawa, kamar sanin cewa biyu ta fi ɗaya yawa. Sa'an nan akwai hukuncin al'ada, watau ƙulla alaƙa tsakanin abu biyu saboda an sha ganinsu tare, kamar wuta da ƙuna, ko cin tuwo da ƙoshi. Sanusi ya yi sharaɗin cewa irin wannan alaƙa tana iya saɓawa. Wannan sharaɗi za a komo kansa a gaba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san haɗarin ƙiyasi mai kyawon tsari da mummunar muƙaddima tun kafin jihadi. A zamaninsa akwai wasu ɗaliban ilmin Kalami masu cewa duk wanda bai san dalilan Tauhidi bisa tsarin malaman Kalami ba mai koyi ne kawai, mai koyi kuwa ba shi da imani, saboda haka talakawa ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansu, ba a aure da su. Shehu bai ce tsarin ƙiyasinsu ya karkace ba. Babbar muƙaddimar ya rushe, ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa sun karɓi Musuluncin mutane da kalmar shahada ba tare da sun yi musu jarrabawa ba. Bello ya faɗa cikin Infaƙul Maisuri cewa Shehu ya yi wallafe-wallafe wajen hamsin a kan wannan fitina. Haka kuma Shehu ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan kafirta mai aikata babban zunubi. Ƙa'idar da ta zauna ke nan a cikin jama'arsa: saɓo daban, kafirci daban.

3.0 Daga Gimbana zuwa Kware

Malam Abdussalami Ba'are ne, watau mutumin Arewa, kuma shi ne mafi shahara cikin almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba. Yana da tasa jama'a mai yawa. Sa'ad da sarakunan Gobir suka fara matsa wa mabiya Shehu a ƙarshen ƙarni na 18, sai ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana, a ƙasar Kabi, ba nisa da inda Jega take yau. Da Yunfa ya hau gadon sarautar Gobir ya aika masa ya komo, shi kuwa ya ƙi. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, ta kashe waɗanda ta kashe, ta kama sauran. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. Ashe ke nan jinin mutanen Abdussalami ne ya fara zuba a wannan al'amari.

Bayan an ci Birnin Kabi a 1805, an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya zauna a Sifawa. A wajejen 1812 ya raba kula da ƙasa: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello, sauran manyan jama'a kowa da inda aka ɗora shi. Abin da ya faɗo wa Abdussalami shi ne Sabiyal, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Aliero, a ƙarƙashin ikon Abdullahi. Ya ga rabon ya yi masa kaɗan, ya nemi faɗaɗawa, aka taka masa birki. Daga bisani aka ɗauke shi daga yamma aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato, inda yake kusa da idon Bello, har aka yardar masa ya yi wa garin ganuwa.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Ƙasashe da dama suka tayar da kayar baya, musamman a Zamfara. Kware ta zama matattarar masu ƙorafi, Abdussalami kuma ya buɗe hulɗa da kasuwanci da waɗanda Sakkwato take ɗauka abokan gaba. Kafin a zare takobi sai da aka yi musayar takardu. Bello ya tattara labarin da takardun cikin wani ɗan littafi mai suna Sardul Kalami, wanda aka fassara da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

4.0 Ƙiyasi biyu

Idan aka tace hujjojin ɓangarorin biyu aka zuba su cikin tsarin ƙiyasi, ga yadda za su kasance. Wannan tsarawa ce ta mai nazari, ba lafazinsu ba ne.

Hujjar Abdussalami: wannan jama'a zalunci ya yawaita cikinta, duk jama'ar da zalunci ya yawaita cikinta ba a tilasta wa mutum ya lizimce ta, saboda haka ba laifi in ya janye, ya zauna lafiya da wanda ya ga dama.

Hujjar Bello: Abdussalami ya jiɓinci kafirai a kan Musulmi, duk wanda ya jiɓinci kafirai a kan Musulmi ya fita daga cikinsu, saboda haka yaƙarsa ta halatta.

Babu ɗaya cikin biyun da za a kama da laifin tsari. Dukansu malamai ne, a zaure ɗaya suka yi karatu. Saboda haka sai a koma ga muƙaddimomi.

Ƙaramar muƙaddimar Abdussalami ba ƙage ba ce. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya bar rundunar jihadi a wajejen 1807 saboda ganin yadda son duniya da neman mulki suka shiga zukatan mutane, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ya ba da wannan labari cikin Tazyinul Waraƙati. Bello ma bai musa cewa akwai masu zalunci cikin jama'a ba. Babbar muƙaddimar ya kama, da ƙa'idar nan ta Shehu: saɓo ba kafirci ba ne, yawan masu saɓo kuwa ba ya warware mubaya'a, ba ya kuma mayar da ƙasar Musulunci ta zama wata aba dabam.

To, amma babbar muƙaddimar Bello ita ma ba ta kuɓuta daga gardama ba, kuma masu gardamar ba baƙi ba ne. Wannan hukunci na jiɓintar kafirai daga fatawoyin Magili aka ɗauko shi, shi ne kuma aka kafa hujja da shi wajen yaƙar Barno. Shehu Muhammadu Laminu na Barno ya yi ta musayar takardu da Sakkwato a kan haka, yana kafa hujja da cewa saɓo ba ya kafirta mutum, watau makamin da Bello ya riƙa a gaban Abdussalami shi ne aka riƙa a gabansa. A cikin gida kuma, Abdullahi ya bayyana cikin Liya'us Sulɗani cewa taimakon kafirai a yaƙi saɓo ne, ba ya zama kafirci sai in an taimake su a kan kafircin kansa. Shehu ya mayar masa da jawabi cikin Najmul Ihwani. Ashe kalmar da ƙiyasin Bello ya rataya a kanta, watau jiɓinta, manyan malaman jama'a ba su haɗu a kan iyakarta ba.

Akwai wani abin lura kuma. Abin da Abdussalami ya yi a 1817 bai bambanta ƙwarai da abin da ya yi a 1803 ba: mai mulki ya neme shi, ya noƙe, ya tara jama'a a bayan ganuwa. A karo na farko an lissafa masa shi cikin manyan ayyukansa, a karo na biyu aka kira shi ridda. Abin da ya sauya shi ne matsayin mai kiran, wannan kuwa muƙaddima ce wadda kowane ɓangare ya shigo zauren gardama da ita a hannu, ba a cikin zauren ya same ta ba.

Daga ina muƙaddimar Abdussalami ta samo ƙarfinta? Takardarsa ta biyu ta ba da amsa. A cikinta ya zana taswirar ƙasa, ya nuna ɓangaren da aka ba kowane babba, sa'an nan ya tambaya ina nasa rabon. Takarda ta farko ta malami ce mai jawo ayoyi da hadisai a kan adalci. Ta biyu ta mutum ce wanda aka ci garinsa tun kafin a ci na kowa, ya ga kuma waɗanda suka zo bayansa sun fi shi samu. Wannan ba ya nuna hujjarsa ta farko ƙarya ce, domin mai jin zafi yakan ga abin da mai jin daɗi bai gani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da yake nunawa shi ne zuciya ce take zaɓen abin da za a ɗora a kan ma'auni. Haka nan Bello, wanda bai cika shekara a kan mulki ba, tawaye ya kewaye shi, ga gari mai ganuwa a ƙofar gidansa, yana da dalilin da zai sa fassara mafi tsanani ta kalmar jiɓinta ta fi kwanta masa.

Ya kamata mai nazarin tarihi ya tuna shi ma ma'auni ne a hannunsa. Takardun Abdussalami ta hannun Bello suka iso ga na baya. Adalcin Bello ne da ya kawo hujjar abokin jayayyarsa, har da taswirar, bai binne ta ba. Duk da haka waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda ya yi nasara shi ya tsara labarin.

Takardu ba su raba gardamar ba. Aka kewaye Kware a ƙarshen 1817, aka ci ta a farkon 1818. Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura, cikin ƙasar Zamfara.

5.0 Kalambaina da kafuwar Jega

Cin Kware bai kashe maganar ba. Sauran mutanen Abdussalami suka koma yamma suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. A lokacin kuwa tsakanin Abdullahi da Bello akwai sanyin jiki tun daga al'amarin gadon Shehu. A wajejen 1820 Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa, aka ci Kalambaina. A nan ne, bisa ga riwayar da ta shahara, Abdullahi ya gai da Bello da sunan Sarkin Musulmi, suka daidaita.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga wannan nazari. Buhari ɗan Abdussalami, wanda bai kamata a rikita shi da Buhari ɗan Shehu na Tambuwal ba, ya miƙa wuya ga Gwandu, aka karɓa, aka yardar masa ya kafa gari a bakin gulbin Zamfara, kusa da tsohon mazaunin ubansa. Garin nan shi ne Jega, wadda aka kafa a farkon shekarun 1820. Zuriyarsa da jama'arsa su ne ake kira Gimbanawa, sarautar garin kuwa ita ce Sarkin Kabin Jega.

Da a ce an bi ƙiyasin 1817 har ƙarshensa, da ba a ba ɗan wanda aka yaƙa a kan ridda gari da jama'a a tsakiyar ƙasar Gwandu ba. Amma shekara uku na yaƙi sun koyar da abin da takardu ba su koyar ba: jama'ar da ta ga ba ta da wurin zama ba ta daina tayar da hankali, ko an ci ta sau biyu. Tambayar da uba ya yi da taswira, ita aka amsa wa ɗa da fili. Sakamakon kuwa a bayyane yake. Jega ta zauna cikin biyayya ga Gwandu, kafin ƙarshen ƙarni na 19 kuma kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, inda fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suke haɗa ayari. Wannan gyara ba daga sabon nassi ya zo ba, ba kuma daga sabon tsarin ƙiyasi ba. Daga jarrabawa ya zo, watau hukuncin al'ada, wanda aka ambata a baya.

6.0 Hukuncin al'ada: ɗorin Aliero

Shugabannin jihadi ba su raina ilmin da ake samu ta hanyar jarrabawa ba. Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magani, har da na ciwon basur da na ciwon ido. Abdullahi ya rubuta Masalihul Insani, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sa'ad da Baturen Birtaniya Kilafatan ya komo Sakkwato a 1826 ya kawo wa Bello littafin lissafi na Iƙilidisa da Larabci, Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, gobara ta cinye. Amma a wannan yanki, inda hukuncin al'ada ya fi bayyana a aikace shi ne hannun maɗoran Aliero.

Sunan Aliero a kan ɗori ya kai ko'ina cikin ƙasar Hausa, har ana kawo masu karaya daga nesa, daga cikin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Sana'a ce ta gado, yaro yana tashi yana riƙe wa babba ƙafar majinyaci, yana kallo, har hannunsa ya faɗa. Maɗori yana lalubar wurin da yatsu ya gane inda ƙashi ya rabu, ya ja gaɓar ya daidaita bakin ƙashin biyu, ya jera karan ɗori ya ɗaure, ya hana motsi, yana dubawa lokaci lokaci, tare da addu'o'in da ya gada. Ilmin likitanci na zamani ya tabbatar da tushen wannan aiki: ƙashin da ya karye, in an haɗa bakinsa aka hana shi motsi, jini kuma yana isa gare shi, yakan fitar da wani danƙo wanda yake ƙarfafa sannu a hankali har ya zama sabon ƙashi. Maɗora sun kai ga wannan ta hanyar maimaitawa tun kafin a gano hoton ƙashi a Jamus a 1895. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ƙiyasin mai kai ɗan'uwansa wurin ɗori ga shi: wannan karaya ce, duk karayar da aka kai wa maɗori tana warkewa, saboda haka wannan za ta warke. Tsari ya yi daidai. Babbar muƙaddima kuwa hukuncin al'ada ce, an gina ta a kan wane da wane da aka gani sun tafi a ɗauke sun komo da ƙafarsu. A nan ne sharaɗin Sanusi yake da amfani, cewa alaƙar al'ada tana iya saɓawa. Masanin falsafar nan na Sikotilan, Dauda Hume, wanda ya rasu a 1776, ya kai ga irin wannan ra'ayi ta wata hanya: maimaituwar abu sau dubu ba ta mayar da shi wajibi a hankalce.

Wuraren da take saɓawa kuwa likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe da bayyana su game da ɗorin gargajiya a ko'ina cikin ƙasar. Kalmar karaya suna ɗaya ce da ta rufe abubuwa da yawa. Akwai karayar da fata ba ta tsage ba, akwai wadda ƙashi ya huda nama ya fito, ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa. Akwai wadda ta shiga cikin gaɓa, akwai wadda ta taɓa jijiyar jini. Daɗin daɗawa, in ɗauri ya yi tsanani a kan gaɓar da ke kumbura, jini yakan yanke, naman ya mutu ya ruɓe, har a kai ga yanke hannu ko ƙafa, abin da ya fi aukuwa ga yara. Kamar yadda gardamar 1817 ta rataya a kan iyakar kalmar jiɓinta, haka lafiyar majinyaci take rataye a kan iyakar kalmar karaya.

Halin ɗan Adam yana shigowa nan ma ta wajen zaɓen abin da za a auna. Wanda ya warke yakan komo da goron godiya, ya ba da labari a kasuwa da masallaci. Wanda abin ya ɓaci gare shi yakan wuce asibiti, ba ya komowa, danginsa su ce ƙaddara ce. Ta haka maɗori, ko da shi mai gaskiya ne, nasarorinsa ne suka fi zama a ransa. Likitan asibiti kuma nasa mudun a karkace yake ta ɗaya gefen, domin waɗanda ɗori ya ɓata su ne suke isa gabansa, ɗimbin da suka warke kuwa ba ya ganinsu. Kowane ɗayansu yana faɗin abin da ya gani ne, kowanne kuma rabin buhu ya auna. Abin da ake kira kimiyya, in an tuɓe mata kayan ado, shi ne horon da ke tilasta wa mai awo ya zuba duka, da abin da yake so da wanda ba ya so, ya rubuta, ya bar wani ya sake aunawa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda malamai biyu masu kaifin hankali suka gina ƙiyasi biyu ingantattu a tsari, suka kai ga natija biyu masu karo da juna, domin kowannensu ya shigo da muƙaddimar da halinsa da matsayinsa suka zaɓar masa. An ga kuma yadda abin da ya ɗinke ɓarakar ya zo daga jarrabawa, har aka sami garin Jega. A wajen ɗori ma an ga ilmi na gaske wanda maimaitawa ta haifar, da kuma iyakarsa, wadda ba a ganinta sai an lissafa har da waɗanda ba su komo ba. Kaifin hankali bai tsare kowa daga son zuciya ba, sau da yawa ma shi yake ƙera mata hujja mai kyau. Malaman zaure sun san haka, shi ya sa suke karantar da Manɗiƙi tare da ilmin gyaran zuciya.

A 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, an kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kabi a garin Aliero, daga baya aka sa mata sunan Abdullahi ɗan Fodiyo. Tana zaune a ƙaramar hukuma ɗaya da Sabiyal, a gari ɗaya da maɗora. Ayyuka biyu suna jiran malamanta da ɗalibanta na gaba da digirin farko. Na ɗaya, a zauna da maɗora cikin mutunci a buɗe littafin lissafi na masu karaya: irin karayar da kowa ya zo da ita, abin da aka yi masa, da yadda ya ƙare bayan wata shida, domin a san wadda za a bar wa kara da wadda za a tura a ɗauki hotonta tun ranar farko. Na biyu, a bi dattawan Gimbanawa a Jega da ƙauyukan da ke tsakaninta da Maiyama, a rubuta abin da suka ji daga kakanninsu game da Gimbana da Kware da Kalambaina, a ajiye shi kusa da Sardul Kalami, domin mai nazari na gobe ya sami bakin ɓangarorin biyu kafin ya yanke hukunci.